Fuskata a Kwalbati

Ni ne Tanimu, tsohon ma'aikacin masaƙa.
Shekara goma sha tara ina tsaye gaban injin zare a Kakuri,
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo,
aka ce mu je gida, za a neme mu.
Ba a neme mu ba.
Yau ni ke nema: kujerar kansila, a wannan mazaɓa.

Ba ni da mota mai lasifika a ka.
Keken Barau na ara, sai littafi mai shuɗin bango
irin wanda mai kanti ke rubuta bashi.
Gida-gida nake sallama, in tsuguna a zaure, in buɗe shafi.

Shafin farko, taransifoma.
Wata bakwai ke nan da ta yi tari ta yi shiru.
An yi karo-karo sau biyu, kuɗin sun bi shanun sarki,
mai niƙa ya sayar da inji ya koma tura kurar ruwa.
Shafi na huɗu, bolar bayan firamare
da ta yi tsawo har tana leƙen 'yan aji uku ta taga.
Kwalbatin layin mahauta shi kaɗai ya cinye shafi shida.

Maman Istifanus ta saurare ni har na kai aya,
ta shiga ɗaki ta fito da kofin silba.
"Daga rijiyarmu ne. Sha tukuna, sannan ka yi alkawari."
Ruwa ja, kamar shayin da aka hana madara.
Na runtse ido na shanye.
Ta ce, "Wanda ya zo kafin kai ma ya sha.
Bai sake biyowa ta nan ba,
ko cikinsa ne ya ɓaci, oho."

Samarin teburin mai shayi ba su son dogon zance.
"Baba, ina namu?" suna murza yatsu biyu.
Na ce aljihuna ɗan'uwan masaƙar nan ne,
gini na tsaye, ba abin da ke motsi a ciki.
Suka kwashe da dariya, ɗaya ya biya mini kofi.
Har yau ban sani ba, ƙuri'a ce ko sadaka.

Abokin karawata ya raba atamfa
da hotonsa a kowane yadi.
Na murza bakinta, na san wanki biyu za ta yi.
Ban ce uffan ba.
Lantana, uwar 'ya'yana, ta karɓo tata,
ta ce labule ba ya dangwala ƙuri'a.
Da kuɗin adashenta na buga fasta ɗari biyu,
yara suka liƙa da sitaci
a jikin turakun lantarkin da ba su da wuta.

Saura kwana uku, hadari ya haɗo tsakar dare,
ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Kwalbati ya yi amai,
tabarmi da kwanuka suka kama hanyar titi.
Muka fito, ni da Barau da Istifanus,
shebur ɗaya, tocila ɗaya.
Na durƙusa na zura hannu har kafaɗa:
leda, robar lemo, takalmin yaro wari guda,
sai wani dunƙulen takarda mai nauyin kan rago.
Na warware shi.
Fuskata ce, kusan talatin, sun manne da juna,
kowace tana murmushi,
a ƙasa an rubuta: Tanimu Maganin Kwalbati.

Istifanus ya haska ni, ya haska su.
"Ranka ya daɗe, tun ba ka hau ba?"

Ruwa ya samu hanya ya wuce yana gunaguni.
Da asuba na shanya littafin a kan murhu,
na nemi shafin da bai jiƙe ba,
a ƙarƙashin bola da taransifoma
na rubuta sunana.